Walƙiyar Katatumbo

Gidanmu a kan dirkoki yake, tsakiyar ruwa,
inda kogin Katatumbo ke zuba a tafkin Marakaibo.
Ba mu cika sayen kananzir ba a nan.
In dare ya yi, sama ce ke kunna mana fitila,
ta kashe, ta kunna, ta kashe,
kamar yaron da ya gano makunni.

Babana Eudoro da wannan hasken yake ɗinkin koma.
Ya soka allura, ya jira.
Aka haska, ya ja zare.
Shekara sittin yana cin bashin hadari,
ba a taɓa aiko masa da takardar biya ba.

Na ce: Baba, ka san me ke kawo ta?
Ya ce: Faɗa ne.
Tsauni da tafki ba sa ga maciji,
kowane dare sai sun tono tsohon zance.

Na yi dariya, ni mai takardar birni.
Na ce: Saurara ka ji yadda malama Yajaira
ta zana mana a allo.

Rana ke wuni tana dafa tafkin nan,
tururi ya tashi da ɗuminsa, ɗauke da ruwa.
Da almuru iska mai sanyi ta gangaro daga tsaunukan Andes,
ta kutsa ƙarƙashinsa, ta cicciɓe shi
har inda tsuntsu bai taɓa kai fiffike ba.
Can ɗigon ruwa ke daskarewa.
Ƙananan ƙanƙara na hawa, manya na faɗowa,
a hanya su yi karo, su gogi kafaɗar juna
kamar cunkoson kasuwar kifi ran Asabar,
kowane karo, wannan ya fizgi ɗan lantarki daga jikin wancan.
Kan girgije ya tara iri guda,
gindinsa ya tara akasinsa,
iska na tsakani tana ba su haƙuri,
tana ba su haƙuri,
har nata ya ƙare.
Sai hanya ta tsage. Walƙiya ke nan.

Tsawar fa? in ji shi, bai ko ɗaga kai ba.

Iskar da wutar ta ratsa, Baba,
kafin ƙiftawar ido ta fi fuskar rana zafi.
Ta kumbura, ba wurin zuwa,
ta fashe kamar ƙwayar masara a garwashi.
Ƙarar ce kake ji tana birgima bisa ruwa.

Ya cije zare, ya tofar.
Ya ce: To ina bambancin?
Sanyi da zafi, na sama da na ƙasa,
mai rabon faɗa ya gaji ya kauce.
Ƙaguwa kwando nawa na sayar
don a gaya miki a birni cewa faɗa ne?

Can ya ce: Amma tamu ta nan sau da yawa ba ta magana.
Ta haska dare duka, ko tari ba ta yi.
Wannan ma malamar ta zana?

Na ce: Haske ya fi murya ƙafa.
In ka ga walƙiya, ƙirga:
daƙiƙa uku, kilomita guda.
Wadda ta yi nisa ƙwarai,
muryarta a hanya take gajiya,
ta kwanta a kan ruwa, ba ta iso ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara cewa komai.

Laka na cinye mashigin garinmu.
Maƙwabta sun kwance gidajensu katako-katako,
sun ɗora a kwale-kwale, sun bar dirkoki tsirara.
Yayana Hermagoras, damina uku ke nan yana Santiyago.
Wani dare wayata takan yi haske da hotonsa,
in ɗauka, in ce ina ji, ina ji,
layin ya tsinke.

Aka haska ta kudu, fari fat,
har na ga furfurar da ke cikin girarsa.
Na ji shi yana ƙirge ƙasa-ƙasa:
ɗaya, biyu, uku.
Ya wuce ashirin. Ya wuce sittin.
Allura na tsaye a hannunsa.

Ban ce masa ba za ta iso ba.
Na matso, na riƙe masa bakin komar.